Makullin Gidan Mari: A Hannun Wa Ya Kamata Ya Zauna?

Yau a filinmu na sharhi za mu taɓo maganar da kusan kowace zuriya a ƙasar Gwandu da Kalgo ta ɗanɗani zafinta, amma ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, wato maganar mai taɓin hankali da gidajen da ake kai shi a ajiye idan ya gagari danginsa. Wasu na kiran su gidan mari, wasu gidan horo, wasu kuma su sakaya su ce an kai shi wajen malam. Ra'ayina a kan wannan batu ɗaya ne, kuma zan kafa shi da hujjar tarihi: duk wanda ake biya kuɗi don ya tsare mutum, bai kamata ya zama shi kaɗai ne mai yanke ranar shigar mutumin da ranar fitarsa ba. Duk inda makulli da aljihu suka haɗu a hannu ɗaya, ba tare da wani ido daga waje yana leƙawa ba, zalunci ya samu wurin zama, ko a Landan ne ko a Rigasa.

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. Ba a yi wata guda ba aka sake ganin irin haka a Daura, inda waɗanda ke tsare suka yi bore suka ɓalle, sannan 'yan sanda suka tarar da wasu gommai a ɗaure. Daga nan aka bi Katsina da Zariya da Kano ana rufe irin waɗannan gidaje. A watan Nuwamba na shekarar ne ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da bincikenta, inda ta nuna cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassa daban-daban na Nijeriya, a gidajen malamai, a majami'u, a wajen masu maganin gargajiya, har ma a wasu cibiyoyin gwamnati. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne yawancin waɗanda aka tarar a ciki ba sato su aka yi ba. Iyayensu da yayyensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗin wata, suna kai hatsi da sutura, suna gode wa mai gidan.

Kafin mu zargi waɗannan iyaye, mu dubi yadda abin ke farawa. Saurayi ne a Kambaza ko Dalijan, ko a Diggi ta ƙasar Kalgo, mai hankali da ladabi, sai barci ya ƙaurace masa. Ya fara surutu shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa ta bayan katanga, ya ƙi cin tuwon da mahaifiyarsa ta tuƙa don yana zargin an yi masa barbaɗe. An yi tofi, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayar da tunkiya an kai wa mai magani. Ranar da ya ɗauki taɓarya ya bi ƙanensa da ita, mahaifin ya rasa abin yi, ya aika a kira maƙeri. Ga damina ta kama, ga gona na jiran hannu, babu mai zaman gadi dare da rana. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanen wannan yanki suka fi sani yana Kware, sai an ratsa Sakkwato kafin a kai, kuma ba kowane direba ke yarda ya ɗauki mai fisge-fisge ba sai an yi shatar motar gaba ɗaya. A cikin wannan hali ne wani zai raɗa wa uban cewa akwai malam a gari kaza da ke karɓar irinsu. Gidan mari ya tsiro ne a gurbin da hukuma ta bari fanko, kuma muddin gurbin na nan, in an rufe ɗaya wani zai buɗe a bayan gari.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A Ingila, cikin ƙarni na 18, ajiye mahaukata sana'a ce kamar kowace sana'a. Kowa na iya kama gida ya sa ƙyamare masu ƙarfi ya ce yana karɓar marasa hankali, ko likita ne ko limamin coci ko ɗan kasuwa. Masu kuɗi su biya da yawa, talakawa kuma hukumar unguwa ta biya musu ɗan abin da ya sawwaƙa. Tunda ribar mai gida tana ga daɗewar wanda aka kawo, ba shi da dalilin gaggauta cewa ya warke. Tun a 1728 marubuci Daniel Defoe ya koka cewa wasu mazaje na kai matansu masu cikakken hankali irin waɗannan gidaje don su rabu da su ko su ci dukiyarsu. Sai a 1774 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta wajabta lasisi da takardar likita da ziyarar masu bincike. Dokar ta zo da rauni, domin masu binciken ba su da ikon sakin kowa. A 1815 wani kwamitin majalisa ya bankaɗo mutane a ɗaure tsirara a kan ciyawa, a gidajen 'yan kasuwa da kuma tsohon asibitin Bethlem. Aka yi ta gyara har 1845, lokacin da aka kafa hukumar ƙasa mai ikon shiga gidajen ta duba rajista ta ga majinyata ido da ido. Shekara 71 ke nan tsakanin dokar farko da wadda ta yi haƙora. Darasin a fili yake: abin da ya rage zalunci a can shi ne raba ikon tsarewa da mai cin riba, da ba wani na waje damar shiga ba tare da neman izni ba.

Kada kuma a ɗauka cewa kasancewar gida na mai zaman kansa ne, ko na masu addini, shi ne laifin. Gidan da ya zama abin koyi a Ingila, wanda aka buɗe a birnin York a 1796, wani ɗan kasuwar shayi mai suna William Tuke ne ya kafa shi tare da 'yan ɗariƙarsa ta Kirista, bayan wata mata daga cikinsu ta mutu a gidan mahaukatan garin ba tare da an bar 'yan uwanta na addini sun gan ta ba. Tuke ba likita ba ne, amma ya hana sarƙa da duka, ya sa majinyata aikin lambu da cin abinci tare da masu kula da su, kuma mutane suka riƙa samun sauƙi suna komawa gida. A duniyar Musulunci kuwa an riga su da ƙarnoni. Babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma da dukiyar waƙafi ake tafiyar da shi. Ko can ma an yi amfani da sarƙa ga wanda ya fi ƙarfin masu jinya, domin babu maganin kwantar da shi a wancan zamani. Amma abincin ma'aikaci bai dogara ga daɗewar majinyaci ba, kuma akwai mai lura da waƙafin, akwai alƙali a samansa. Tambayar da tarihi ke yi wa kowane gida ita ce: wa ke duba mai gidan?

A nan Nijeriya, Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen mahaukata a Kalaba da kuma Yaba ta Legas a farkon ƙarni na 20, na Yaba a 1907, sannan suka kafa dokar mahaukata a 1916. Manufar dokar ita ce kawar da mai damun jama'a daga kan titi, magani kuwa bai dame ta ba. A Arewa, wanda ya gagara sau da yawa gidan yari ake kai shi ya zauna tare da ɓarayi, sauran kuma a bar su a turu a bayan gida. An sabunta dokar a 1958, kuma da ita ƙasar nan ta ci gaba da aiki fiye da shekara 60. Amma a tsakiyar wannan duhu wani ɗan ƙasa ya nuna wata hanya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle majinyaci, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani danginsa, uwa ko 'yar uwa, ya zo karɓar magani da rana ya koma ya kwana cikin mutane. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Duniya ta zo ta koyi wannan tsari daga Nijeriya, mu kuwa da muke da gandu da zumunci da makwabtaka, waɗanda su ne jarin tsarin, muka bar shi a takarda.

To, na san abin da magidanci zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, malam mai sharhi, kai kana cikin ɗakin watsa shiri, mu ne ke kwana da wanda zai iya cinna wa rumbu wuta. In ba a ɗaure shi ba, ran wa za a ɗauka? Amsata ita ce, gaskiya ne akwai sa'ar da dole a riƙe mutum don kare shi da kare jama'a, kuma babu doka ko likita da ya musanta haka. Amma riƙon sa'o'i kafin a kai shi ga magani daban yake da ɗaurin shekaru. Tun 1952, lokacin da likitoci a Faransa suka gano amfanin maganin kulofuromazin, aka samu ƙwayoyi da allurai masu kwantar da irin wannan tashin hankali cikin kwanaki ko 'yan makonni, kuma tsofaffin cikinsu ba su da tsada. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya yarda ya sha ƙwaya. Mari kuwa ba ya kashe muryar da mutum ke ji a kunnensa. Abin da yake yi shi ne ya ci fatar idon sawu har ta zama gyambo, ƙafa ta kumbura, jijiya ta ƙage, mutum ya yi fitsari da bayan gida a inda yake cin abinci. Wanda ya shiga yana zargin ana son cutar da shi, ya samu tabbacin zarginsa. Ya kamata mu kuma sani cewa mafi yawan masu wannan ciwo ba sa taɓa kowa, su ne ma ake duka, ake jifa, ake yi wa fyaɗe.

Wani kuma zai ce, wannan ciwo na iska ne ko sammu, maganinsa ruƙiyya, asibiti ba ta san shi ba. Ba na jayayya da kowa a kan addu'a, kuma babu likitan kirki da zai hana a yi wa majinyaci karatu. Amma a nuna mini inda shari'a ta ce a yi wa marar lafiya bulala har ya suma, ko a hana shi abinci don a ƙuntata wa aljani. A fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan Gwandu, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a kama shi da laifin abin da ya aikata ba da saninsa ba, kuma ana naɗa masa waliyyi ya tsare masa dukiyarsa da mutuncinsa. Kiyaye hankali na cikin abubuwa biyar da malamai suka ce shari'a ta zo ta kare. Wanda Allah ya ɗauke wa hisabi, da wace hujja ɗan Adam zai hukunta shi? Shugabannin jihadi ma ba su raba addini da neman magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, Shehu Abdullahi na Gwandu kuma ya yi littafi a kan maslahar ɗan Adam ta fuskar addininsa da ta jikinsa. Bincike na zamani ya ƙarfafa wannan haɗin. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar majinyata a gidajen masu maganin gargajiya da na addini suna ba su magani. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna waɗanda suka samu kulawar ɓangarorin biyu sun fi samun sauƙi. Malamin da ke tsoron Allah ba shi da abin ɓoyewa, kuma shi zai fi kowa cin moriyar zuwan malamin asibiti.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu cewa a rufe gidajen nan duka, gwamnati ta gina ƙaton asibiti a kwashe kowa a zuba. Su ma tarihi bai goyi bayansu ba. Bayan 1845 Ingila ta bi wannan hanya, ta gina manyan gidajen gwamnati a kowace gunduma, har ya zamana a tsakiyar shekarun 1950 mutane kusan 150,000 ne a kulle, da yawansu an manta da su, kafin ƙasar ta shafe shekaru tana rufe gidajen. Katangar gwamnati ma tana iya ɓoye zalunci idan babu mai leƙawa. Samamen 2019 ya kuɓutar da mutane, kuma ya dace a hukunta duk wanda ya azabtar da bayin Allah. Sai dai washegarin samame, uwar da aka mayar wa ɗanta ba tare da magani ba tana nan da matsalarta, kuma abin da ake gudu shi ne ta koma ga turu a ƙuryar ɗaki, inda babu ɗan sandan da zai taɓa gani. Akwai kuma wata ɓarna da gidajen mari suka yi wadda ƙaton gini ba zai gyara ba, wato cakuɗa mutanen da matsalarsu ba ɗaya ba ce. A ɗaki guda za ka samu mai farfaɗiya, da mace mai haukan jego, da yaron da ya ƙi makaranta, da mai shan tiramadol ko kodin. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3. Kowane ɗaya daga waɗannan rukunoni da irin kulawar da yake bukata, kuma ba a gane wanne ne wanne sai wanda ya koyi aikin ya duba.

Saura masu cewa ba mu da likitoci, ba mu da kuɗi. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, wasunsu ma suna ficewa waje. Amma tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, manufar lafiya ta ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci na matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin da ke koya wa nas da malamin asibitin ƙauye yadda zai gane ciwon, ya fara ba da magani, ya san lokacin da zai tura majinyaci gaba. Ba a bukatar ƙwararre a kowane ƙauye. Ana bukatar ma'aikaci ɗaya da aka horar a kowace mazaɓa, da magani a kan kanta wanda ba ya yankewa, da ƙwararre da zai riƙa zagayowa yana kuma amsa waya. Kalgo na da babbar cibiyar lafiya ta jiha, Birnin Kebbi na da asibitin koyarwa na tarayya da jami'a a kusa, don haka akwai inda za a jingina wannan aiki. In ana maganar kuɗi, a lissafa dabbobin da iyalai ke sayarwa da kuɗin wata da suke biya shekara da shekaru, da hannun da gona ta rasa. Ana kashe kuɗin tun yanzu, a inda ba ya warkarwa.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ta amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowa, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da yardarsa ba, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun tallafi. Amma Ingila ta koya mana cewa dokar da mai bincikenta ba shi da iko ba ta kwance kowa. Don haka ga abin da nake kira a yi a ƙasar Gwandu da Kalgo. Duk mai karɓar masu taɓin hankali ko masu shaye-shaye ya kwana da su, malami ne ko mai maganin gargajiya ko mai asibitin kuɗi, ya yi rajista da ma'aikatar lafiya ta jiha. Ya ajiye littafi mai ɗauke da sunan kowane majinyaci, da wanda ya kawo shi, da ranar da ya shigo. Kada a kwana da kowa fiye da 'yan kwanaki sai ma'aikacin lafiya ya duba shi ya sa hannu. A kafa kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, da wakilin uban ƙasa da limami da ma'aikacin lafiya da jami'ar walwalar jama'a, mace a cikinsu don ɗakin mata, su riƙa shiga ba sanarwa, su gana da majinyaci shi kaɗai, kuma su kasance da ikon cewa a sake shi. A haramta mari da bulala da horon yunwa, wanda ya ƙi a rufe gidansa a kai shi gaban alƙali. Masarautar Gwandu na da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida, sun san inda ake jin ƙarar sarƙa, kuma maganarsu ta fi sammacin kotu saurin buɗe ƙofa.

Ku kuma iyaye da 'yan uwa da ke saurare, babu abin kunya a wannan ciwo, jarrabawa ce kamar hawan jini da ciwon suga, kuma da yawan masu shi suna komawa gona da kasuwa da ɗakin aure idan sun samu magani da wuri suka kuma dage da shansa. In kun ga alamun farko, ku fara da asibiti mafi kusa ku nemi a tura ku inda ya dace, ku ci gaba da addu'arku. In kuwa kun riga kun kai wani naku wani gida, ku je wannan makon, ku ce sai kun gan shi, ku duba ƙafarsa da bayansa, ku tambaye shi abin da yake ci. Duk mai gidan da ya hana ku ganin ɗanku, ku ɗauko ɗanku ku sanar da hukuma. 'Yan majalisarmu na jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo kuma, muna jiran mu ji wanda zai fara ɗaukar wannan magana ya kai ta zauren majalisa da kasafin kuɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya kiyaye mana hankulanmu.